Ƙafar Terhemba

Ranar da na fara shiga keken haya mai ƙafa uku na Terhemba, faɗa muka yi. Na ɗora jarkar manjata a Azuba, kusa da Lafiya, ya juyo ya ce, "Gaye, ina muka nufa?"

"Uwarka ce gaye," na ce. "Buɗe ido ka dubi furfurata."

Ya yi dariya har da ƙwalla. "Mama, ba zagi ba ne, Turanci ne. Duk wanda raina ya kwanta da shi, gaye ne."

A hankali na gane kalmar ba ta zama wuri ɗaya. Abokinsa gaye ne. Wanda ya cuce shi, "wancan gayen" ne. In ya goge farar riga ya fesa turare kuma, ya yi gayu ke nan. A tashar keke kowa Gaye yake ce masa, ba mai kiran sunansa na gaskiya sai ni. Tibi ne daga Agyaragu, ya baro gonar doya wai ƙasa tana ɓata masa farce. Shekara da shekaru yana kai ni kasuwar Lafiya, bai taɓa bari na ɗaga jarka da hannuna ba.

Sai ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa. Ashe ciwon suga na jikinsa, bai sani ba. Ya rufe gyambon da safa da turare ya ci gaba da aiki, har fasinja suka fara toshe hanci. A asibiti aka ce ko dai a yanke daga gwiwa, ko ciwon ya tafi da shi.

Ya ƙi. "Mama, gaye da sanda? A gan ni a tasha ina tsalle da ƙafa ɗaya?"

Na ce, "Wa zai gan ka? Gayun naka, wanne ya leƙo ka tun da ka kwanta?"

Ya juya fuskarsa bango.

Matarsa Nguavese ta yi kuka, fastonsu ya yi magana har ya gaji. Shi dai a mai da shi ƙauye a gwada na gargajiya. Aka kuwa mai da shi. Kafin sabuwar doya ta shigo kasuwa aka binne shi.

Ba na manta ranar da za su tafi ƙauyen, na riske su a ƙofar asibiti. An kwantar da shi a bayan kekensa, wani ne zai ja. 'Yarsa Doofan, da bakinta bai daɗe da buɗewa ba, tana zaune a kan cikinsa tana ja masa gemu. Na zura kaina ciki na ce, "Terhemba, yarinyar nan ba ƙafarka take kira baba ba. Sauko mu koma ciki."