Wurin Shaida

A shekarar da aka kori Babanmu daga masaƙa a Challawa ina da shekara tara, kuma duk abin da Iya ta faɗa ɗaukarsa nake kamar yankan wuƙa. Iya kakata ce, uwar Baba. Da an idar da sallar magariba a gidanmu na Panshekara sai ta zauna gaban murhu, mu jikoki huɗu mu kewaye ta, ta kwance ƙullin wurin da ta gada, irin wanda ake kuɗi da shi a dā.

Tatsuniyarta ta wata masaƙiya ce da ke aika wa 'yarta saƙo da wuri a jere kan faifai, wasu a kife, wasu a buɗe. Gizo ne ɗan aike, kun kuwa san halinsa. Sai masaƙiyar ta riƙa ƙara wuri ɗaya a ƙarshen kowane layi, ta ajiye shi yadda buɗaɗɗun za su zama cika, wato su tashi biyu-biyu ba saura, ba mara ba. Ran da Gizo ya juya ɗaya a hanya, 'yar ta ƙirga ta ga mara, asirinsa ya tonu.

"Wannan na ƙarshen shi ne shaida," in ji Iya. "Ƙarya ba ta wuce shi."

Daga nan sai ta jera mana layi biyar, mu sa shaidu, mu rufe ido, ta juya ɗaya. Mu haɗa kai muna ƙirga muna musu har mu gano layin. In mun daɗe ta ce, "Kawuna huɗu kamar kabewa, ga girma ba wayo."

Da aka ce bandir ɗin atamfa ya ɓata kuma Baba ake zargi, ko a jikina. Na san shaida za ta fito. Ta kuwa fito: maigadi ya ce ya ga Baba da bandir ɗin, Kawu Sale ya ce haka ne. Kawu Sale aminin Baba ne, a kwano ɗaya suke cin tuwo a zaurenmu. Bayan wata biyu shi aka ba aikin Baba na kula da injina.

Ranar korar na tsaya kan Iya ina kuka. "Ke kika ce ƙarya ba ta wuce shaida."

Ta kwance ƙullinta. Ta jera wuri, ta juya biyu a layi ɗaya a gaban idonmu, ta ce mu ƙirga. Muka ƙirga sau uku, cika ne.

"Wannan ne ban so ku sani da wuri ba," in ji ta.

Na ji haushinta ƙwarai, na kwana bakwai ban je gaban murhu ba.

Yanzu lissafi nake koyarwa, da sifili da ɗaya maimakon wuri. Nakan raba ɗalibai rukuni-rukuni, in juya biyu tun ranar farko, in bar su su yi ta fama har su gano da kansu cewa in aka ƙara shaidu a ƙasan jerin, biyun ma ba su tsira. Iya na daɗe da yafe mata, Kawu Sale kuwa har gobe ban iya ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ma'aikatan da ke kan injin tare da Baba a ranar da bandir ɗin ya ɓata. Sun san bai motsa daga wurinsa ba, aka tambaye su, kowa ya sunkuyar da kai.