Jakin Da Ya Ɗaure Notin

Sai-Gobe ake ce masa, kuma da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. Ka kai masa babur da safe, ya leƙa, ya ɗiga mai nan da can, ya goge hannu da tsumma, ya ce ka dawo gobe. Shekara arba'in ke nan yana haka a rumfar kwano ɗaya, tsakanin mai faci da mai walda. Matarsa ta ce ko maganar aurensu sai da ya jiƙa ta kwana uku kafin ta fito daga bakinsa.

Kunnensa ne dai ba a rainawa. Yakan kafa tsinin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulmar maƙwabta ta bango.

Haka ya yi wa babur ɗin wani malamin makaranta mai ritaya, jan tsohon babur da aka daina ƙera kayansa tun tuni. Malam ya saye shi na hannu, kuma tun da gwiwa ta ci amanarsa, shi ne ƙafafunsa.

"Ƙas-ƙas yake yi min," in ji Malam. "An ce fistin ne."

"Wanda ya ce fistin ya je a wanke masa kunne. Abu ne ya saki a sama, ƙarƙashin murfi. Aikin minti goma."

Noti huɗu ke riƙe da murfin. Uku suka fito salin-alin. Na huɗu ya ce bai san zancen ba. In kuwa ya karye a cikin kan injin, shi ke nan, babur ya zama wurin shanya.

Sai-Gobe ya zuba masa kalanzir, ya ɗan ƙwanƙwasa kansa da guduma. "Malam, wani jaki ne ya ɗaure wannan. Da ƙafa ya taka sifana. Sai gobe."

Washegari ya ari wutar mai walda ya ɗumama gefen, ya ƙara mai, ya ƙara wa jakin zagi har da kakanninsa. Rana ta uku Malam ya iso yana ɗingishi, ransa a ɓace.

"Ka ba ni abina. Makanikan tsallaken titi suna da injin kwance noti, fuuu sun gama."

"Fuuu sun karya. Zauna, Malam. In la'asar ta yi bai fita ba, ni zan tura maka shi can."

Ya sa sifana. Maimakon ya kwance, sai ya ƙara ɗaurewa kaɗan, kamar mai lallashin amarya, ya dawo baya, ya sake. Gumi har a gemu. Can notin ya yi ƙara siririya, ya juya.

Daidai nan matarsa ta shigo da kwanon abinci. Ya goge tsatsar kan notin yana shirin nuna mata bajinta, sai ga zane uku na magagari, a jere. Ta leƙa. Ita ce kuwa za ta manta? Lokacin yana saurayi mai ji da ƙarfi, duk abin da ya ɗaure sai ya yi masa wannan alama, har mariƙin bokitinta bai tsira ba.

Ya gyara abin da ya saki, ya buga babur, ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke. Sannan ya mayar da notin da yatsu biyu a kan sifana, a hankali.

"To, ka gano jakin?" in ji Malam.

"Wani yaro ne mai zafin kai. Ya daɗe da barin sana'ar."

Matarsa ta buɗe kwano ta tura gabansa. "Na san gidansu, Malam. Ni nake ba shi abinci."