Baba a Rigar Yusufu

Jiya wani ya wuce ni sanye da rigar marigayi Baba ta wasan Kirsimeti a cocinmu na Abakpa. Har yanzu tana warin kananzir. Ban ji komai a raina ba.

Duk shekara a Yusufu mijin Maryamu Baba yake fitowa, riƙe da fitilar ƙwai, ko uffan. Shekarar da aka koma tuƙin dama na tambaye shi ko shirun bai ishe shi ba.

Ya ce, "Ɗana, shi Yusufu da aka ce ya ɗauki iyalinsa, tashi ya yi."

Wata uku ke nan matata ta yi yaji zuwa Kawo, ban je biko ba. Ubangiji ya ba Baba hutu, ni kuma ya tashe ni.