Tikitin Doña Teófila

Shekara goma sha tara Doña Teófila Ccori ta yi tana shimfiɗa kayanta a gefen layin dogo a La Raya, can ƙololuwar hanya inda jirgin da ya taso daga Cusco yake tsayawa kafin ya gangara Puno. Huluna take saƙawa da safar hannu da suwaita, duk da gashin alfaka, dabbobin nan masu kama da ƙananan raƙuma marasa tozo da ƙanenta yake kiwo a bayan tsauni. A wani ƙauye kusa da Marangani aka haife ta. Aji uku ta yi a makaranta aka cire ta ta koma bin dabbobi, a can kuma ta koyi kaɗi da saƙa tana tafe, har ya zama ko hira take yi, ko faɗa, yatsunta ba sa tsayawa.

Mijinta, Don Hilarión Pacsi, mai duba layi ne. Kullum da sassafe zai saɓa doguwar guduma, ya rataya sifana, ya bi layin a ƙasa kilomita goma sha biyu yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana kasa kunne, sannan ya juyo. Haka ya yi shekara talatin da huɗu, ana ƙanƙara ana rana. Ba shi da yawan magana. Teófila takan ce duk hirarsa a kan ƙarfe yake ƙarar da ita, abin da ya rage shi yake kawo mata gida. 'Ya'ya uku suka haifa, duk sun watse birni.

Da aka fara kawo dogon jirgin nan na alfarma mai ɗakunan kwana, matan kasuwar La Raya sun ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Minti ashirin yake tsayawa. Fasinjoji su sauko a hankali, su ɗauki hoton tsauni mai ƙanƙara da ɗan cocin da ke gefe, wani ya taɓa hula ya yi ɗan murmushi ya ajiye, su koma ciki. Kaɗan ne suke saye. Tun a shekarar farko Teófila ta yanke musu hukunci.

"Girman kai ne kawai," in ji ta. "Kina yi wa mutum magana, bakinsa a buɗe, idonsa na can wani wuri. Ko fuskarki ba zai kalla ba."

Da Hilarión ya yi ritaya, sai aka kira shi ofis aka ba shi ambulan. Ashe al'adar kamfanin ce, duk wanda ya haura shekara talatin a bakin aiki a ba shi tafiya ɗaya a jirgin, shi da matarsa, a ɗakin manya. Ya kawo ambulan ɗin gida ya tura shi ƙarƙashin rediyo, sai bayan kwana huɗu ta gani tana shara.

"Mene ne wannan, Hilarión?"

"Ba komai. Wai mu shiga jirgi. Me zan gani? Babu notin da ban sani ba a hanyar nan."

"Kai ka san noti. Ni kuwa shekara nawa ina kallon labulensa daga waje? Tashi ka nemo baƙar kwat ɗinka."

Sun kwana a Cusco gidan 'yarsu ta fari, wadda ta dage sai uwar ta sa wando da doguwar kwat irin na matan birni. Teófila ta ce ba za ta shiga jirgi da kayan aro ba. Ta sa jan siket ɗinta mai faɗi na zuwa biki, ta yi kitso biyu, ta kafa malafarta. Ta kuma ƙulle dafaffen busasshen dankali da cuku da gasasshiyar masara a mayafinta, don ba ta yarda da abincin da ba ta ga tukunyarsa ba.

A bakin tarago wani ma'aikaci mai furfura, sanye da farar safar hannu, ya rusuna ya ce, "Barka da zuwa, señora." Sai da ta waiwaya ta ga ko da wata yake. Sunansa Don Evaristo, shi ne mai kula da ɗakunan taragonsu. Ya kai su ɗaki, ya nuna musu gado, da makunnin fitila, da ɗan banɗaki mai famfon ruwan zafi. Yana fita ta juya gefen bargon da ke kan gado, ta murza zaren a yatsa.

"Gashin mai kyau ne," ta ce. "Amma inji ne ya saƙa. Dubi bakin, ba rai."

Hilarión bai ji ta ba. Ya zauna a bakin kujera, hularsa a gwiwa, yana jiran jirgi ya motsa.

Abincin rana ne ya so ya ba ta kunya. An shimfiɗa farin ƙyalle, an jera mata cokula masu yatsu har uku, aka kawo wani yankin kifi da bai fi tafin hannun jariri ba, an ɗora masa fure. Ta dubi mijinta, shi ma ita yake duba. Don Evaristo, wanda ya zo taya masu rabon abinci, ya sunkuyo kamar zai gyara kofi, ya yi mata magana ƙasa ƙasa da yaren gida.

"Mamita, ɗauki duk wanda ya yi miki. Ni ɗan Sicuani ne, in na koma gida da hannu nake ci."

"To wannan kifin, sauransa yana ina?"

"Akwai kwano huɗu a bayansa. Ki dai yi haƙuri da su."

Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Dariyar ce ta sa matar da ke teburin kusa ta juyo. Dattijuwa ce siririya mai tabarau, ita kaɗai, sunanta Señora Ofelia. Ta ce daga Lima take, shekara arba'in tana koyarwa a firamare, 'ya'yanta ne suka haɗu suka yi mata kyautar tafiyar bayan rasuwar mijinta. Ta tambayi Teófila wane ne ya yi adon bakin siket ɗinta. Suka shiga hira, jirgi yana bin gefen kogi, gonakin masara suna ƙarewa, ciyawar tudu tana farawa.

Bayan Marangani hanya ta miƙe sama. Teófila ta manne a taga tana nuna wa sabuwar ƙawarta rafin da ta yi wanki tana yarinya, da garken da take zaton na ƙanenta ne. Ta lura amsar Ofelia tana raguwa, leɓenta kuma ya fara yin duhu, amma ta ɗauka gajiya ce.

Rana ta yi sanyi suka iso La Raya. Matan kasuwa sun san da zuwanta, sun kuma shirya mata. Tana sa ƙafa a ƙasa suka yi mata caa. Basilisa, wadda ta riƙe mata ɗanta na biyu ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre, ita take tsare mata kaya ranar, ita ce kuma a gaba, tana kaɗa hula tana maƙale murya.

"Madam, madam! Taɓa ki ji laushi! Gashin jaririn alfaka ne, na rantse!"

"Jaririn wa? Comadre, wannan ai ni na rina miki zaren. Alfakar ta girme ki."

"Ku ji ta! Rabin yini a jirgi har ta koyi raina kayan mutane. An ba ki wuƙa da cokali? Kin san ta inda ake kama su?"

"Uku aka ba ni. Ke ko ɗaya aka ba ki sai kin soke hancinki."

Ana cikin shewa ta hango Ofelia. Ta sauko, ta yi taku kamar goma wajen rumfuna, ta tsaya tana laluben abin kamawa. Bakinta a buɗe, idonta yana can wani wuri. Teófila ta ruga ta tare ta. Ta duba ko'ina babu wurin zama sai duwatsu masu sanyi, sai ta jawo ƙunshin suwaitunta ta zaunar da ita a kai. Ta tsinko ganyen muña, wani tsiro mai ƙamshi irin na na'a-na'a, da ke fitowa a gindin bangon coci, ta murza a tafi, ta kara mata a hanci.

"Shaƙa a hankali, señora. Kada ki yi magana."

Can Ofelia ta ɗan farfaɗo. "Tun a ciki nake cewa sai na tsaya na duba saƙarki ɗaya bayan ɗaya," ta ce tana haki. "Amma kaina kamar ana sara, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Ga shi an ce minti ashirin, tsoro nake ji kada a tafi a bar ni. Ku yaya kuke yi da wannan iska?"

Teófila ta miƙe tsaye. Ta ɗaga kai ta dubi sauran fasinjojin. Wani ƙato yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Wata budurwa ta ɗauki safar hannu ta ajiye, ta dafe goshi. Wani tsoho yana ta duba agogo. Fuskokin da ta saba gani ne shekara da shekaru, yau ne kawai ta gan su bayan ta ci abinci tare da su, ta ji yadda suke surutu da dariya a can ƙasa inda iska take da kauri. Ita a tudun aka haife ta, ba ta taɓa sanin cewa numfashi ma aiki ne ga wani ba. Kunya ta kama ta, ba ta gaya wa kowa ba.

Don Evaristo ya zo da ƙaramar tukunyar iskar shaƙa, suka kama Ofelia suka mayar da ita ciki.

Daga La Raya zuwa gaba yankin Hilarión ne. Ya tafi tarago na ƙarshe mai buɗaɗɗen baya, ya riƙe ƙarfe, Teófila ta same shi a can. Nan ne bakinsa ya buɗe. Ya nuna mata kwanar da ruwa ya taɓa cinyewa, da dutsen da yake fakewa in ƙanƙara ta sauko, da inda ya taɓa kwana biyu yana jiran a kawo sabon ƙarfe. Ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. A wata 'yar gada ya yi shiru, ya karkata kai.

"Akwai noti da ya saki a nan."

"Hilarión, ka yi ritaya."

"Notin bai sani ba."

Sai da ya nemo shugaban jirgin ya sa shi ya rubuta lambar wurin, sannan ya yarda ya je cin abincin yamma.

A bakin babban tafkin Puno jirgin ya kwana. Teófila ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, shi kuwa ya ce katifar ta yi laushi da yawa, bayansa ya ƙage. Da gari ya waye suka tarar da Ofelia a taragon baya, lulluɓe da bargo, ta warware, tana kallon rana tana fitowa daga cikin ruwa. Teófila ta kwance ƙullin mayafinta. Su uku suka ci busasshen dankali da cuku da hannu, Don Evaristo ya kawo musu shayi, ya duba hagu da dama, shi ma ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki. Ofelia ta roƙe shi ya ɗauke su hoto.

A motar haya suka koma gida, a matse tsakanin buhunan albasa.

Sati bai cika ba ta sa Hilarión ya nemo tsofaffin katakan layi da aka yar, ya ƙera mata dogon benci. Ta ajiye shi a gaban kayanta, ta shimfiɗa masa fata, ta riƙa zuwa da babban fulas na shayin muña. In jirgi ya tsaya ba ta kiran kowa ya saya. Wanda ta ga yana haki take kama wa hannu ta zaunar, ta miƙa masa kofi, ta nuna masa da yatsu cewa akwai sauran lokaci, direba sai ya busa sau biyu kafin ya tashi. Basilisa ta yi ta tsiya, wai comadre ta buɗe asibiti ba takarda. Bayan wata biyu ita ma ta sa aka yi mata nata bencin.

Mutum in ya zauna ya sami numfashi, sai ya ɗaga kai ya dubi mai ba shi shayi. Wasu suna saye, wasu ba sa saye, amma yanzu ana tambayarta sunanta, ana tambayar yadda ake fitar da jan launi daga ƙwaron da ke kan murtsunguwa. Hilarión ma ya sami wurin zama. Duk ranar jirgi yana ƙarshen benci da hularsa, ma'aikata suna saukowa su gaishe shi, shi kuma yana ba su saƙon abin da kunnensa ya jiyo.

Wajen ƙarshen damina Don Evaristo ya sauko da ambulan daga Lima. Hoton bakin tafki ne, da 'yar wasiƙa daga Ofelia da rubutunta na malamar makaranta, wadda Basilisa ta karanta mata da ƙarfi kowa yana ji. Teófila ta daɗe tana duban hoton, ta ce malafarta ta karkace kuma ba wanda ya gaya mata. Ba ta rataye shi a gida ba, don hayaƙin murhu zai ɓata shi. Ta kai wa 'yarta a Cusco, aka sa shi a gilashi a falo.