Saniyar da ke Jikin Takarda

A unguwarmu da ke garin Garwa, duk macen da ta sayo nono tana shakkarsa, gidan Inna Ƙaltume take nufa. Inna za ta tsoma ɗan yatsa, ta ɗora a harshe, ta lumshe ido, sannan ta yanke hukunci: wannan an ƙara masa ruwa, wancan an kaɗa shi da garin 'ya'yan kuka, wannan kuwa ya kwana. Masu tallan nono da suka san ba su da gaskiya har ratse ƙofarta suke yi. Ni da katanga ɗaya ta raba mu, ina kan keken ɗinkina ina jin shari'ar, in yi ta dariya ni kaɗai.

A garin Guider aka haife ta, a gindin ƙwaryar nonon uwarta ta girma. Aure ya kawo ta Garwa, gidan wani mahauci mai suna Muhaimin. Da ya rasu sai ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, da shi ta riƙe kanta. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Sadiya, wadda ban taɓa jin ta kira sunanta ba saboda kunyar 'yar fari. Sadiya ta rasu ta bar 'yar ƙaramar yarinya, Ikram. Uban yarinyar, Adoum, direban babbar mota ne, kullum yana hanya tsakanin Ngawundere da arewa, don haka ya bar ta a hannun kaka.

Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da Ikram. Ta tashi, amma jikin bai tashi da ita ba. Wuya ya zama kamar mariƙin lema, idanu suka yi zuru-zuru. Adoum ya biyo da mota, ya gan ta, ya ɗauke ta da hannu ɗaya. Da zai tafi ya durƙusa ya ce, "Inna, in na dawo ban ga ta murmure ba, zan kai ta wurin tsohuwata a Ngawundere. Can akwai sanyi, akwai shanu." Bai faɗa da raini ba, amma na ga yadda hannun Inna ya tsaya cak a kan matsamin ƙosai. Yarinyar nan ita kaɗai ta rage mata a duniya.

Daga ranar ta tashi haiƙan, sai dai abin ya ƙi gaba. Ta dama kunu, Ikram ta kau da kai. Ta tuƙa tuwo da miyar kuɓewa, yarinya ta yi loma ɗaya ta ture kwano. Da na ga abin ya yi yawa, na ajiye ɗinkin mutane na tasa su gaba zuwa ɗan asibitin unguwa.

Ma'aikaciyar jinya, Madam Germaine, ta ɗora Ikram a sikeli, ta naɗa mata wani ɗan tef mai launi a damtse, ya tsaya a kan rawaya, alamar rama. Ta duba bakinta da idonta, sannan ta tambaya da Hausarta ta kasuwa, "Mama, me take ci?"

"Ba ta cin komai, 'yar nan, sai madarar da nake ba ta."

"Wace madara?"

Inna ta kwance bakin zane da alfahari, ta fito da ɗan sandan cakulan da ya fara narkewa. A jikin takardarsa ga wata jar saniya mai ƙiba, ga kofi cike da madara yana zuba. Ashe tun tafiyar Adoum take saye a shago, tana binne shi a jiƙaƙƙen yashin gindin randa don kada zafin Garwa ya mai da shi ruwa. Safe da rana da yamma, kafin a sauke tukunya, sai ta ɓalla wa yarinya. Ni ko labari ban ji ba, ga shi har tarin Inna nakan ji ta katanga.

"Mai butik ya ce shokola ne na madara," in ji ta. "Ga saniyar nan ma kina gani. Na ce ai madarar Turai ce aka daskarar, ta fi tamu ƙarfi."

Madam Germaine ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta juya takardar ta karanta ƙananan rubutun Faransancin da ke baya. Ta ce in aka raba sandan nan biyu, rabi guda sukari ne zalla. Wajen kashi ɗaya cikin uku mai ne. Madarar kuwa garin madara ne, shi ma ba yawa. "Ƙarfi kam akwai, Mama, giram ɗari ya haura kalori ɗari biyar. Amma abin gina jiki kaɗan ne. Yana toshe mata ciki, in abinci ya zo ba wuri."

Haushi ya kama ni, na ce, "Haba Inna! Ke da kike kama masu nono da ɗan yatsa, ba ki ji a harshenki ba?"

Ta dube ni ta ce, "Ban taɓa sa shi a baki ba. Yaya zan rage mata?"

Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. A nan gabanmu ta ɓalli ɗan guntu, ta ɗora a harshe, ta lumshe ido kamar yadda ta saba. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe sai ta ce, "Babu saniya a nan."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ikram ta yi ta birgima a gindin randa tana tonon yashi, Inna ta juya mata baya tana share hawaye da gefen mayafi. Amma ba ta sassauta ba. Ta koma ga abin da ta sani: kindirmo daga hannun wata Bafulatana da ta yarda da ita, kunun gyaɗa da tsamiya, dafaffen ƙwai, ɗan kifin kogin Binuwai a miya, ƙosai mai zafi daga kasko. Yunwa ta yi aikinta, yarinya ta fara karɓa. A hankali kumatu suka dawo, tef ɗin Madam Germaine ya koma kore.

Bayan an gama girbi motar Adoum ta tsaya a bakin titi. Ya shigo da sallama, rungume da kwali. Ya dire shi gaban Inna yana murmushi ya ce, "Inna, ga tsaraba. Na madara ne, aka ce yana sa yara ƙiba." Na leƙo ta kan katanga, sai ga jar saniyar nan jere reras a cikin kwali. Na toshe bakina da tsumman ɗinki.

Inna ta ƙwalla wa Ikram kira, yarinya ta fito a guje, bakinta duk kindirmo. Adoum ya sunkuya zai ɗauke ta da hannu ɗaya kamar yadda ya yi wancan zuwan, sai da ya ƙara ɗaya hannun. Ya riƙe ta a ƙirji ya daɗe, sannan ya sauke ta, ya tura ta a hankali wajen kakarta.

"Ngawundere fa?" in ji Inna.

"Gaishe su kawai zan je in yi, Inna."

Sai a lokacin ta jawo kwalin, ta ɓare guda ɗaya, ta ɓalla uku. Ta ba shi, ta ba Ikram ƙaramin, ta jefa na ukun a bakinta.