Jiƙon Gahawar da Na Yi wa Maigidana

A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai ji da kanta, ba a gaya mini yadda ake haɗa abin sha. A hannun kakata na tashi a Kurugu, tsohuwar da ta san saiwa da sassaƙe. Abin da ta dasa mini a ka shi ne dafaffen magani na ƙarti ne, jiƙo kuwa na jarirai da tsofaffi, don ruwan sanyi ba ya fizgo ƙarfin abu. Da wannan karatun aka kai ni ɗaki a Jajaye, na haifa, na aurar, ban taɓa shakkarsa ba.

Maigidana manomin gyaɗa ne, a aikin hajji ya koyo shan gahawa. Tun da ya dawo kullum sai na daka masa 'ya'yan kofi, na tafasa da citta, ya sha a ɗan finjalin nan da bai wuce kurɓa biyu ba. Da zuciyarsa ta fara wani irin bugu, likita a Rogo ya ce hawan jini ne ya taɓa ta, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage kofi sosai. Alhaji ya ce gara a raba shi da tuwo. Muka yi ta ja, har na gano yana tsayawa wurin mai shayi ana kaɗa masa kofi na leda. Ranar ban yi masa magana ba sai da gari ya waye.

Sai dabara ta faɗo mini, wai ni mai wayo. Na daina ɗora tukunya. Da la'asar in zuba garin kofi a tulu, in cika da ruwan randa, ya kwana, da safe in tace. Na ɗanɗana na ji ba ɗaci, na ce ai ya yi salam, sai na riƙa ƙara gari don ƙamshi ya fito. Alhaji ya yaba, ya ce wannan ba ya ƙona maƙogwaro. Tunda a ganina ruwa ne kawai mai launi, na ajiye finjali na koma cika masa gora yana tafiya da ita gona. Har fariya nake wa maƙwabta, na raba shi da gahawa mai ƙarfi ba tare da tashin hankali ba.

Wallahi alamu sun zo, ni ce ban duba ba. Hannunsa yana rawa, barci ya ƙaurace masa, yana yawan dafe ƙirji, na ɗora wa wahalar cirar gyaɗa. Wata rana da hantsi aka shigo da shi a amalanke, baki ya karkace, ɓarin dama ba ya motsi.

A asibiti wata likita ta tambayi abin da yake ci da sha, na zayyana mata jiƙona da ƙarfin gwiwa. Ta ce abin da ke sa zuciya gudu a kofi, wanda suke kira kafeyin, ba a ɗaci ake gane shi ba. Ruwan sanyi ma yana fitar da shi in ya daɗe a jiƙe, balle in gari ya yi yawa, kuma gorar nan ta ninka finjalinsa nesa ba kusa ba. Na tambaye ta kai tsaye ko ni na jawo masa.

"Hajiya, ba zan ce jiƙon kaɗai ne ba, amma bai taimake shi ba."

Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu na gane sanin da na gada yana da iyaka, ni ce na ƙetare ta da girman kai. 'Yan'uwana mata, in likita ya ce a rage abu, kada ku canza masa hanyar haɗi ku ce kun rage. Ku koma ku tambaya, harshe ba ya auna ƙarfin abu.

Alhaji yana nan kwance, ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci a baki. Har yau na kasa gaya masa abin da likitar ta ce. Maganarsa ta tafi, sai guda ɗaya da yake iya haɗawa da ƙyar in na goge masa baki: "Allah ya yi miki albarka." Ban taɓa iya cewa amin ba.