Ƙahon Baba Tamihana

Ranar Talata, tara ga Afrilu, mijina Eruera ya sauko daga dutse ba tare da kai ba, Baba. Ni ban iya rubutu ba, ƙanwata ke rubutawa ina faɗa.

Lokacin rurin barewa ne, sa'ad da mazansu ke ruri suna neman mata. Ka busa ƙahon nan naka na saniya kamar yadda ka saba, don namijin barewa ya amsa ya matso. Dajin na gwamnati ne, kowa shiga yake. Wani baƙo daga birni ya ji rurin, ya ga ganye ya motsa, ya harba, ashe kai ne. Wai har kuka yake yana cewa bai taɓa jin barewa mai murya irin wannan ba.

Eruera ya gaya mini hularsa mai ruwan lemo, wadda mafarauta ke sawa don a hango su, ta faɗa rafi da safe. Ka cire taka ka ɗora masa, ka ce, “Sa wannan, sakarai. Kai ke da mai jego a gida. Ni wa zai harbi tsohon ƙashi?”

Da na haifi Hinewai, kai ka sauko da cinyar barewa biyu a wuya, gwiwarka na ciwo. Ka soya mini hanta da kanka. Na ce ba na so, ka ce, “Ci, 'yata. Jikata nake ciyarwa, ke hanya ce kawai.” Kullum kana faɗa wa samari kada su harbi ƙara, sai sun ga kai, sun ga ƙafa huɗu.

Baba, tsoro nake ji. Eruera ya goge bindiga, ya ce zai koma kafin rurin ya wuce. Ba zan hana shi ba, da naman nan muke ci. Amma tun jiya yake birkice gida yana neman ƙahonka.

Yana wurinka. Ni na sa shi cikin akwatin gawarka, ƙarƙashin hannunka, ana ta waƙar bankwana ba wanda ya lura. Eruera, yanzu ka ji. Ka yi fushi in kana so. Ka bi sawu a hankali, ka yi shiru, kada ka zama barewa a kunnen kowa. Hular ce na bar maka, na wanke ta.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya ba ka hutawa. Mama Ripeka, Allah ya ba ki haƙurin rashin mijinki, da mu duka. Waɗanda ke kan dutse kuma, Allah ya sauko da su da ƙafafunsu.